Ɗan'uwa ko Abin Tausayi? Tambayar da Durumi Ke Yi wa Ikkilisiya

Durumi itace ne da kowa ya sani a ƙasar Hausa. Ganyensa na da duhu, inuwarsa na da sanyi, shi ya sa ake dasa shi a ƙofar gida da bakin kasuwa, dattawa su shimfiɗa tabarma a gindinsa su yi shawara. Da sunan wannan itace ake kiran wata gunduma a Abuja, maƙwabciyar Gudu da Area 1 na Garki. Ƙasar Gbagyi ce tun kafin dokar 1976 ta mai da yankin babban birnin tarayya. A yau tana da manyan gidaje masu dogayen katangu, da makarantun kuɗi, da majami'u masu kyan gini. A cikinta kuma, tun shekarar 2014, aka sami wani matsuguni na bukkokin buhu da leda da tsohon kwano, wanda mutanen da suka tsere wa Boko Haram suka kafa da hannunsu. Yawancinsu mutanen Gwoza ne ta jihar Borno.

Labarin fitowarsu sananne ne. A farkon watan Yuni na 2014 aka far wa ƙauyukan bayan dutse irin su Attagara da Agapalwa, aka kashe mutane da yawa. A watan Agusta garin Gwoza kansa ya faɗa hannun mayaƙan, suka kuma shelanta shi a matsayin daularsu. Sojoji ba su ƙwato garin ba sai a watan Maris na 2015. Kafin nan jama'a sun watse. Waɗansu sun hau duwatsu, waɗansu sun tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao, waɗansu sun nufi Maiduguri da Yola da Jos, waɗansu kuma suka biyo 'yan'uwansu da ke ci-rani a Abuja, suka sauka a Durumi da Sabuwar Kuchingoro da Wassa. A cikinsu akwai Kirista da yawa, 'ya'yan ikkilisiyoyin da suka tsiro daga aikin mishan a duwatsun Gwoza tun shekarun 1950.

Saboda haka ran Lahadi da safe, a gunduma guda, taro iri biyu ke ɗaga murya ga Ubangiji ɗaya. Ɗaya na zaune a kan kujeru masu taushi, motoci na jiransa a waje. Ɗayan kuma na kan benci, bukka na jiransa. Littafinsu ɗaya ne, addu'ar Ubangiji da suke yi ɗaya ce, kuma idan suka tashi faɗin Shaidar Bangaskiya, dukansu suna furta cewa ikkilisiya ɗaya ce mai tsarki, tsarkaka kuma suna da tarayya da juna. Tambayar ita ce, me waɗannan mutane suke ga juna daga Litinin zuwa Asabar? Mazaunin bukkar nan ɗan'uwa ne ga mai katanga, ko kuwa abin tausayi ne da ake tunawa da shi lokacin Kirsimeti? Amsar baki tana da sauƙi, kowa zai ce ɗan'uwa ne. Sai dai kalmar tana da tsada, ya kamata a duba abin da take nufi kafin a furta ta.

Harshen Hausa ya yi wa masu bi alheri da ya ba su kalmomi biyu inda waɗansu harsuna ke da ɗaya. Akwai majami'a, wato ginin da ake taruwa a ciki, akwai kuma ikkilisiya, kalmar da ta samo asali daga Helenanci, ma'anarta taron mutanen da aka kira. Wuta tana cin majami'a. Ta ci ɗaruruwansu a Borno da Yobe da arewacin Adamawa. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan suka mamaye Kwarhi kusa da Mubi, hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, shugabanni da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki suka gudu daji. A wannan shekara ce kuma, ranar 14 ga Afrilu, aka sace 'yan mata 276 a Chibok, waɗanda mafi yawansu 'ya'yan wannan ikkilisiya ne. Duk wanda ya lissafa gine-gine a lokacin zai ce ta ƙare. Amma shugabanninta suka buɗe ofis na wucin gadi a Jos, membobinta kuma duk inda suka tsinci kansu suka nemi juna, suka fara sujada a ƙarƙashin itace ko rumfa. A shekarar 2023 ta yi bikin cika shekara 100.

Wannan bai kamata ya ba mai karatun Littafi Mai Tsarki mamaki ba. Ayyukan Manzanni sura 8 ta nuna yadda tsanani bayan kisan Istifanas ya warwatsa masu bi daga Urushalima, sura 11 kuma ta bi sawun waɗansunsu har Antakiya. Su ne suka kafa ikkilisiyar wannan birni, inda aka fara kiran almajirai da sunan Kirista, inda kuma aka keɓe Bulus da Barnaba domin aikin bishara. Wato sunan da kowane mai bi ke alfahari da shi a yau an raɗa shi ne a kan taron da 'yan gudun hijira suka kafa. Tarihin EYN ma haka yake. Mutum takwas ne suka yi baftisma a kogin Eder a Schwarzenau ta ƙasar Jamus a 1708, mutanen da suka bar garuruwansu saboda bangaskiya, daga baya tsanani da talauci suka kai su Amurka. Jikokinsu na bangaskiya, Stover Kulp da Albert Helser, su ne suka yi sujadar farko a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923, a gindin tsamiya.

Amma a nan akwai bukatar taka-tsantsan. Mai rufi a kansa ne ya fi saurin cewa gini ba kome ba ne. Majami'ar ƙauye ta wuce bango da kwano. Iyaye ne suka ɗebo duwatsunta a ka, a cikinta aka ɗaura aurensu, a ofishinta littafin baftisma yake, a bayanta kaburburan kakanni suke. Dattawanta sun san gwauruwar da rumbunta ya ƙare da yaron da ya fara lalacewa, ba sai an kawo musu rahoto ba. Da aka ƙone ginin aka kori mutanen, wannan sani ya tarwatse, kuma shi ne mafi wuyar sake ginawa. Wanda ya ce wa mutumin Gwoza kada ya damu domin ikkilisiya ba gini ba ce ya faɗi gaskiya, amma ya faɗe ta da arha. Idan har ikkilisiya mutane ce, to mutanen da suka rage da rufi su ne aka ɗora wa nauyin zama wa ɗan'uwansu abin da majami'arsa ta kasance masa.

A nan ne bambancin sadaka da tarayya ya fito. Tun 2014 ƙungiyoyi da majami'u da 'yan siyasa da kamfanoni suna zuwa Durumi da buhunan shinkafa da kwalayen taliya da gwanjo da gidan sauro. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Yunwa ba ta jiran a gama muhawarar tauhidi, kuma akwai yaran da suka kwana da abinci a ciki saboda waɗannan buhuna. Duk da haka sadaka tana da siffarta. Mai bayarwa shi ke zaɓen rana, shi ke zaɓen abin da za a kawo da yawansa. Mai karɓa ya tsaya a layi, ya yi godiya, a ɗauki hotonsa. Da motar ta tashi, hulɗar ta ƙare har wata shekara. Ana iya yi wa mutum sadaka shekara goma ba tare da an san sunansa ba, kuma babu wanda zai ce an yi laifi, domin sadaka ba ta bukatar suna.

Manzo Bulus ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikkilisiyoyin al'ummai domin matalautan masu bi na Urushalima, kuma abin lura ne irin sunan da ya ba wannan kuɗi. A Romawa 15 ya kira shi da kalmar Helenanci da ake fassarawa tarayya, kalmar da ya yi amfani da ita a 1 Korantiyawa 10 a kan gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji. Ya kuma ce bashi ne a kan masu bayarwa, tun da daga Urushalima bishara ta iso gare su. A 2 Korantiyawa 8 ya bayyana manufar, wato a sami daidaito, yalwar wannan ta rufe rashin wancan yau, domin gobe lamarin na iya juyawa. Waɗanda ya kafa misali da su kuwa, ikkilisiyoyin Makidoniya ne, waɗanda su kansu ke cikin matsanancin talauci. A wannan lissafi babu wani ɓangare da aikinsa miƙa hannu kawai. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Bulus a 1 Korantiyawa 12 ya kai maganar ƙarshenta, ya mai da masu bi gaɓoɓin jiki guda. Hannun da ya ɗaure ƙafar da ta ji ciwo ba ya jiran godiya, ba ya kuma kiran mai hoto.

Ikkilisiyar farko ta riƙe wannan da gaske. Wajen shekara ta 253, da mahara suka kwashi masu bi a yankin Numidiya, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, Bishop Kifriyanus na Kartaj ya tara kuɗin Roma dubu 100 daga jama'arsa ya aika domin fansarsu. Kartaj ba ta daɗe da fita daga tsanani ba, annoba kuma tana cikin gari, mutanen da aka sace ɗin ma ba 'yan garinsu ba ne. A wasiƙar da ya haɗa da kuɗin ya roƙi a sanar da su idan irin haka ta sake faruwa, ya kuma aika da sunayen waɗanda suka bayar domin a riƙa tunawa da su cikin addu'a. Wannan ƙaramin abu na aika sunaye ya nuna irin hulɗar da yake nufi, wadda kuɗi ke tafiya ta wannan hanya addu'a na dawowa ta waccan, kowa kuma yana sane da cewa yana bukatar ɗan'uwansa.

Maganar bashi da Bulus ya yi ta shafi Abuja kai tsaye. Ikkilisiyar birni ɗiyar ikkilisiyar ƙauye ce. Manyan ma'aikata da likitoci da hafsoshin da ke cika kujerun gaba a majami'un Hausa na babban birni, da yawansu ko iyayensu sun fara karatu ne a makarantun mishan na karkara, suka wuce Gindiri, wadda aka buɗe a 1934, ko Waka ta Biu, ko Kagoro, ko Numan. Masu bishara manoma ne suka koya musu haruffa, mutanen da albashinsu bai wuce 'yan mudun dawa daga baikon kaka ba. Matan ƙauye ne suka sayar da gyaɗa da kaji aka biya kuɗin makaranta. Ƙari ga haka, gwamnati ba ta ƙaura zuwa Abuja ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991. Ban da Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, kowa a majami'un birnin baƙo ne. Wani ya zo da takardar canjin wurin aiki, wani ya zo a bayan babbar mota da tufafin jikinsa kawai. Wanda ya riga isowa da shekara ashirin bai zama mai gida ba har ya kalli na bayansa a matsayin nauyi.

To ta yaya za a gane ko abin da ake yi tarayya ce? Littafi Mai Tsarki ya fi auna ta da wurin zama da kuma murya. Yakubu sura 2 ta tsawata wa taron da ke ba mai zoben zinariya kujera mai kyau ya bar matalauci a tsaye. A 1 Korantiyawa 11 Bulus ya ce abin da Korantiyawa ke ci ya daina zama Jibin Ubangiji, domin masu hali suna riga cin nasu su ƙoshi, marasa shi kuma su koma da yunwa da kunya. Mafi ban sha'awa ita ce Ayyukan Manzanni 6. Masu bi masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri su gode da abin da suka samu ba. Suka sa a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu rabon, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Alamu sun nuna ɓangaren da ya yi kuka shi aka ba mabuɗin rumbu.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Durumi, tambayoyin da za su fito ba su da daɗi. A cikin waɗanda suka gudo akwai dattawan ikkilisiya, da masu bishara, da shugabannin Zumuntar Mata, da malaman makarantar Lahadi, da mawaƙan da suka shekara talatin suna hidima. Gudun hijira bai kwance musu baiwarsu ba. Majalisar ikkilisiya nawa ce a birni ta zauna da su kafin ta yanke abin da za ta kai musu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa abin da uwa ke nema kuɗin jarrabawar ɗanta ne alhali an kawo mata bargo na uku. Bagade nawa aka ba mai wa'azi daga sansanin ya hau? Mutanen da suka binne 'yan'uwansu suka kuma ci gaba da yin addu'a domin waɗanda suka kashe su suna da abin da za su koya wa birni game da gafara da jimiri, wanda babu kwalejin tauhidin da ke iya koyarwa. A shekarar 2015 ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN ta zagaya ikkilisiyoyin 'Yan'uwa a Amurka, waɗanda suka tara miliyoyin daloli domin agaji. Matan sun je da godiya, sun kuma je da waƙa da shaida, masu masaukinsu suka zauna suna saurare a matsayin masu karɓa.

Akwai wani rabe-rabe da ba a cika faɗinsa a fili ba. A majami'u da yawa na birni ana sujadar Turanci da sujadar Hausa, abin da aka fara da kyakkyawar niyya domin kowa ya ji bishara da harshen da yake ganewa. Sannu a hankali, a wurare da dama, ya koma rabon masu hali da marasa shi. Direba da mai gadi da mai aikin gida suna wannan, iyayen gidansu suna waccan, ana haɗuwa a bakin ƙofa kawai. Mutumin Gwoza da ya shigo, wanda harshen uwarsa Glavda ne ko Dghwede ko Guduf, Hausa ce gadarsa, don haka tun ranar farko an san layinsa. Sai kuma koyarwar nan da ta cika gari, mai auna bangaskiya da mota da gida. Idan wadata ce shaidar yardar Allah, me za a ce da wanda ya rasa gona da gida da 'ya'ya domin ya ƙi musun sunan Almasihu? Abokan Ayuba sun yi irin wannan lissafi, kuma ƙarshen littafin ya nuna Allah bai yarda da su ba.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu tana da nauyi. Iyalin birni ma suna cikin matsi. Kuɗin haya a Abuja na cinye albashi, ga kuɗin makaranta, ga dangi a gida da ke jiran aike, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma kome ya ninka. 1 Timoti 5 ta ɗora wa mai bi kula da iyalinsa tukuna. Waɗansu kuma na cewa kula da 'yan gudun hijira aikin gwamnati ne, idan ikkilisiya ta ɗauka ta sauke wa hukuma nauyinta ke nan. Waɗansu na tsoron kada taimako ya zama sana'a, su kan kawo 2 Tasalonikawa 3 a kan wanda ya ƙi aiki.

Tsoro na ƙarshen nan shi ne mafi rauni. Mutanen da suka sassaƙa gonaki a jikin duwatsun Mandara, suka jera duwatsu hawa-hawa domin riƙe ƙasa, ba su san zaman banza ba. A Abuja mazansu na leburanci da acaɓa da gadi, waɗansu na hayar gona a jihar Nasarawa, mata na ƙananan sana'o'i. Abin da suka rasa shi ne abin da ɗan gari ke samu kyauta ba tare da ya lura ba, wato wanda zai tsaya masa. Mai gareji ba ya ɗaukar yaron da ba wanda ya san shi. Mai gona ba ya ba baƙo haya sai da shaida. Asibiti na da sauƙin shiga ga wanda ke da wanda zai kira. Yawancin waɗannan ba sa cin kuɗi, sunan mutum da lokacinsa suke ci, shi ya sa suka fi buhun shinkafa wuyar bayarwa. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa. Iyalin da ba su da rarar naira ɗaya suna iya sanin iyali guda da suna, su je sunan jaririnsu, su zauna makokinsu, su sa 'ya'yansu su san juna. Game da gwamnati kuwa, gaskiya ne hakkinta ne, kuma ikkilisiya na da bakin tuna mata. An kafa Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, a 1976, Cibiyar Kirista ta Ƙasa da aka keɓe a 2005 kuma tana 'yan kilomitoci kaɗan daga Durumi. Sai dai mai magana a madadin mutanen da bai taɓa zama da su ba, muryarsa ba ta da nauyi.

Batun ɗariƙu ma ya shigo ciki. Waɗanda suka ƙone majami'u ba su tsaya karanta allon ƙofa ba, EYN da COCIN da Katolika da sauransu wuta ɗaya ta ci su. Haka ya faru a Namugongo ta Uganda ranar 3 ga Yuni, 1886, inda aka ƙone samari 'yan Katolika da 'yan Angalikan tare. Gaskiyar da ba a son tunawa ita ce, a arewacin Nijeriya ɗariƙar mutum ta fi danganta da ƙauyen da aka haife shi. Mishanoni sun raba ƙasa a tsakaninsu, SIM nan, SUM can, 'Yan'uwa a Garkida, CMS a Zariya da Wusasa, yaro kuma ya tashi a cikin abin da ya tarar. Iyayen da suka kafa tarayyar da ake kira TEKAN a 1955 sun gane haka. Wannan ba ya nufin bambance-bambancen koyarwa wasa ne. Yadda ake baftisma, da tsarin shugabanci, da matsayin mai bi game da ɗaukar makami, batutuwa ne da mutanen kirki suka sha wuya a kansu. Amma abin kunya ne a ga majami'a ta zo sansani tana tambayar su wane ne nata kafin ta sauke kaya, ko kuma ta mai da agaji ƙugiyar jawo membobin wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saura iyaka mafi wuya. A Durumi akwai Musulmi da yawa, su ma mutanen Gwoza, su ma da kaburburansu. An kashe Sarkin Gwoza, Alhaji Idrissa Timta, a hanya ranar 30 ga Mayu, 2014, kuma malamai da talakawan Musulmi da yawa sun mutu a hannun mayaƙan nan. Idan tarayyar masu bi ta zama dalilin tsallake bukkar maƙwabci a rabon abinci, ta koma ƙabilanci da rigar addini. Galatiyawa 6 ta ba iyalin bangaskiya fifiko, amma a cikin jimla guda ta umarci a yi wa kowa alheri. A shekara ta 362 Sarkin Roma Yuliyanus, wanda ya bar bangaskiya ya so ya farfaɗo da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na arna. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. Jama'ar da ke shan tsanani tana cikin haɗarin ta san kanta ta wurin maƙiyanta kawai, har ta manta dalilin da aka kira ta. A Gurku ta jihar Nasarawa, kusa da Abuja, wani ma'aikacin EYN, Markus Gamache, tare da abokan aikinsa Kirista da Musulmi, sun kafa matsuguni inda iyalan addinan biyu da rikicin ya kora suka sami gidaje da gonaki wuri guda. Mutane daga ikkilisiyar da ta fi kowace asara ne suka jagoranci wannan aiki.

Da farko kowa ya ɗauka zaman Durumi na 'yan watanni ne. Waɗansu sun koma gida, waɗansu sun gwada sun dawo. Ranar 29 ga Yuni, 2024, 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bama-bamai a garin Gwoza, a wurin biki da asibiti da jana'iza, abin da ya sa masu shirin komawa suka sake tunani. Jariran da aka haifa a bukkokin nan a 2015 sun cika shekara goma a 2025. Ba su taɓa ganin duwatsun da iyayensu ke ba su labari ba, Abuja kaɗai suka sani. Nan da 'yan shekaru za su nemi shiga ajin baftisma, bayan haka su nemi aure. Majami'un da ke riƙe da sunayen iyayensu da kakanninsu, da yawansu toka ne. Dole wata majalisar dattawa a Durumi ko Garki ko Gudu ta buɗe littafin membobinta ta yanke a wane shafi za ta rubuta su, shafin baƙi masu wucewa ko shafin 'ya'yan gida, kuma wanda aka rubuta a shafin 'ya'yan gida yana da ƙuri'a ranar zaɓen dattawa.